Jan Takalmin Minke

Talata, 4 ga Maris, da yamma

Annelien ce ta ce kowa ya riƙa rubuta abin da ke ransa. Ita ke riƙe da zamanmu na Talata da Juma'a a cibiyar da ake farfaɗo da masu rauni a ƙwaƙwalwa. Ta ce ba mai karantawa, har ita. Za mu gani.

Mu shida ne a da'irar, da fulas ɗin kofi a tsakiya da gwangwanin biskit da ake rufewa da zarar kowa ya ɗauki ɗaya. Ana farawa da zagaye, kowa ya faɗi ƙarfin jikinsa da launin danjar titi: kore, rawaya ko ja. Ni kore nake cewa kullum.

Yau Harm ya ce, "Ke yarinya, koren nan naki ya ishe ni. Kin ga idonki kuwa?" Harm tsohon direban babbar mota ne, ya ba sittin baya, kuma tun da jijiya ta fashe masa a ka bakinsa ya rasa linzami. Abin da ya zo masa shi zai faɗa, daga baya ya dawo yana ba da haƙuri da hawaye. Baƙin takalmi ne da shi mai kauri, na hagun da ƙarfe a gefe. Griet da ke zama kusa da ni nata ruwan ƙasa ne, dunduniyar ta cinye ta waje. Ita duk abin da aka gaya mata, kafin kofinta ya huce ya gudu daga kanta. Annelien farin kambas take sawa.

Na dawo gida na kwanta har la'asar. Kore dai.

Alhamis, 6 ga Maris, bayan cin abincin yamma

'Yata Minke ta dawo daga darasin iyo da labari. An zaɓe ta cikin masu jarrabawar ƙarshe, Asabar ashirin da tara ga wata, za ta karɓi takardar shaidarta ta farko. Mijina Auke ya ɗaga ta sama har ta kusa taɓa fitila.

Ni ma na yi tawa ina shekara bakwai kamar ita, na san yadda ranar take. Iyaye a kan benci, yara su fara faɗawa ruwa da riga da wando da takalmi, kamar wanda ya zame cikin kogin bayan gida. Sannan su tuɓe su ƙarasa da kayan iyo. A ƙarshe a sa kiɗa, su fito gaba ɗaya a jiƙe, kowa ya ruga wurin uwarsa.

"Za ki zo, mama?" Ba babanta ta tambaya ba, ni ta tambaya. Na ce zan zo. Ta ce, "Har ciki?" Na ce har ciki.

Ban taka wurin iyon nan ba tun Nuwamba. Ba zan rubuta Nuwamba ba.

Juma'a, 7 ga Maris, da safe kafin motar cibiya ta zo

Bari in rubuta sau ɗaya in huta. Ba na gane fuska.

Ina ganin ido, ina ganin hanci, ina ganin baki, amma sun ƙi haɗuwa su zama wani. Ko tawa a madubi sai in ga wata mata mai tabo a goshi tana wanke haƙora tare da ni. A asibiti sun gwada tafiyata, sun gwada hannuna, sun sa na yi ƙirge da baya, amma ba wanda ya tambaye ni ko na san wanda ke tsaye a gabana. Ni kuma na ja bakina na yi shiru, don gida nake so a sallame ni.

A gida da sauƙi. Dogon shi ne Auke, ƙaramar ita ce Minke, ga kuma murya. A waje takalmi nake bi. Minke jan takalmi ne da ita, ko a tsakiyar kasuwa zan tsinto shi.

A wurin iyo kuwa, a bakin ƙofa ake miƙa wa iyaye shuɗiyar leda su rufe takalmansu. Yara ƙafa ba komai, gashi duk ya manne a kai launi ɗaya, muryoyi suna dukan bango suna dawowa a cakuɗe. Tsoro nake ji in tsaya a gaban 'yata in kasa sanin ita ce.

Juma'a, da rana

Kore, na ce. Harm ya yi tsaki.

Lahadi, 9 ga Maris, da hantsi

Rigima kan takalmi. Auke ya ce jan nan ya yi mata kaɗan, tun kaka aka saya, yarinya kuma girma take. Ya ce gobe bayan makaranta a je kanti. Minke ta kafe ta ce ba ta so, bai matse ta ba, shi take so. Har da buga ƙafa, abin da ba halinta ba.

Auke ya juyo gare ni. "Wietske, ki sa baki mana."

Na ce, "Ƙyale ta, tunda ta ce bai matse ta ba. Sai bazara."

Na faɗa ina shafa wa burodi man shanu, ban ɗago ba. Daɗi na ji da ta ƙi, kuma na ji kunyar daɗin.

Laraba, 12 ga Maris, da la'asar

Sanne, ƙawar Minke, ta zo wasa. Tsayinsu ɗaya, gashinsu ɗaya, kuma don tsiya suka yi musayar rigar sanyi. Na shigo kicin da madara, suna zaune shiru suna zane. Na sunkuya kamar cokali ya faɗi, na leƙa ƙarƙashin tebur, sannan na sumbaci wadda ta dace.

Da na ɗago, mai jan takalmin tana kallona. Sai ta ci gaba da zanenta.

Juma'a, 14 ga Maris, da yamma

Asirina ya tonu, kuma Harm ne sila, wa kuma zai zama.

Na shiga ɗakin da wuri na tarar da wani mutum zaune a kujerar taga, da sabon takalmi ruwan toka mai ɗauri da liƙi. Na ɗauka sabon shiga ne. Na tuna yadda ranata ta farko ta yi mini nauyi, sai na yi ta maza na je na miƙa masa hannu. Na ce, "Sannu da zuwa, sunana Wietske. Kada ka damu, mutanen nan ba su da matsala, sai dai akwai wani tsoho mai ɗanyen baki, kada ka biye masa."

Ya riƙe hannuna bai saki ba. Sai na ji muryar. "Ni ne tsohon, 'yar banza. Wata uku muna shan kofi ɗaya!"

An canza masa ƙarfen ƙafa ne, aka haɗa masa da sabon takalmi. Sauran suna shigowa ya ɗaga murya, "Ku zo ku ji! Wannan ba ta san mu ba! Ƙafafunmu take gaisarwa!" Sai kuma ya toshe bakinsa da hannu, idonsa ya cika. Ni ban yi kuka ba, kofi ne kawai ya zube mini a cinya.

Annelien ta bari kowa ya zauna, sannan ta tambaye ni a hankali tun yaushe. Na ce tun da na farka a asibiti. Ta ce abin yana da suna, ba ni kaɗai ba ce, kuma ba hauka ba ne. Na tambaye ta yana warkewa? Ta ce wani lokaci yana raguwa, sau da yawa kuma mutum dabarun zama da shi yake koya. Na gode mata da ba ta yi mini daɗin baki ba, amma na so ta yi.

Griet ta dafa ni ta ce, "Ni ina gane fuskarki sarai, sunanki ne ban sani ba." Aka yi dariya, har ni.

Asabar, 15 ga Maris, da rana

Ban tashi daga gado ba. Na ce wa Auke ciwon kai ne.

Talata, 18 ga Maris, da yamma

Yau duk zaman a kaina aka yi shi. Na gaya musu maganar ranar iyo. Kowa da shawararsa. Wani ya ce a sa wa Minke hula mai launi, wata ta ce a ɗaura mata zare a hannu. Na ce duk sai na gaya mata dalili, ni kuma ba zan kalli yarinya 'yar shekara bakwai in ce mata uwarta ba ta san fuskarta ba.

Griet ta yi farat ta ce, "Na samo! Ki nuna mini hotonta, in bi ki, in nuna miki ita." Na nuna mata a waya. Ta ce kyakkyawa ce.

Harm ya ce, "Wahalar me kike ba kanki? Ki tsaya wuri ɗaya kamar turken fitila, ita za ta rugo."

Na ce ba za ta rugo ba. Ta daina rugowa. Yanzu daga nesa take tsayawa ta jira sai na kira ta, ko a ƙofar gida. Annelien ta tambaya tun yaushe, na ce kofina ya huce, na tashi na ƙaro wani.

A ƙarshe Annelien ta ce ba za ta gaya wa Auke ba, wannan nawa ne. Amma ta ce mutumin da ke kwana gefena bai kamata ya zama na ƙarshe da zai ji ba.

Alhamis, 20 ga Maris, da hantsi

Na shiga rumfar bayan gida neman tsintsiya. Keken da na faɗi da shi a Nuwamba yana nan, ƙafar gaba a lanƙwashe, Auke ya kasa jefar da shi. Kujerar baya lafiyarta ƙalau, babu kowa a kai ranar, ɗauko Minke zan je. An ce ta tsaya a ƙofar wurin iyon da jakarta da jiƙaƙƙen gashi, duk yaran aka kwashe su, aka fara kashe fitilu, ita tana ce wa mai shara mamana tana hanya.

Na ce ba zan rubuta ba. Ban samo tsintsiyar ba.

Juma'a, 21 ga Maris, da yamma

Annelien ta sa kowa ya cire takalmi da safa, aka tara su a lungu. Ta ce su zagaya ɗakin ba magana, ni in gwada gane su. Harm na cafke shi nan take, jan ƙafarsa ba ya ɓuya. Sauran kuwa na kira Annelien da sunan Griet, na kira Griet da sunan namiji. Manya biyar ke nan a ɗaki shiru, ina ga yara cike da bakin ruwa da kiɗa.

Harm ya kalli ƙafafun jama'a ya ce, "Kai, wasu sai a gode wa wanda ya ƙirƙiro safa." Ya toshe baki.

Muna sa takalma Griet ta taɓa ni, idonta yana haske. "Na samo dabara! Ki nuna mini hotonta, in bi ki." Na sake nuna mata. Ta sake cewa kyakkyawa ce.

A bakin ƙofa Harm ya tsayar da ni. Ya ce, "Ni wata da watanni ana koya mini rufe baki, ke naki ya ƙi buɗuwa. Da ana musanya da tuni an sallame mu. Ki ji nan, yarinya, in kin rasa ta ki yi ihu. Ni kullum sai na kunyata kaina a gaban jama'a, ga ni nan ban mutu ba."

Na ce mu a gidanmu ba a ihu. Ya ce, "To ki zauna da tarbiyyarki."

Lahadi, 23 ga Maris, da yamma

Na buɗe baki zan gaya wa Auke, sai na ji kaina ina tambayarsa ko ya fitar da shara.

Talata, 25 ga Maris, da rana

Kore. Ba wanda ya tanka, ko Harm. Shirun ya fi tsakin ciwo.

Laraba, 26 ga Maris, da yamma

Na gaya wa Auke, muna wanke kwanuka, Minke tana gidan su Sanne. Ya daɗe yana goge faranti ɗaya. Sannan ya ce, "Har ni?"

Na ce har kai.

Ya ajiye farantin ya fita waje. Ina hango shi ta taga, dogon mutum cikin shuɗiyar rigar ruwa, yana tsaye a gaban rumfar. Da ya dawo ya ce ba fushin abin yake ba, fushin watannin yake. Ya ce ranar Asabar zai tsaya kusa da ni, in ta fito ya matsa mini hannu ya juya ni wajenta, ni kuma in kira ta. Na roƙe shi kada Minke ta sani. Bai so ba, amma ya ce to.

Ya kamata hankalina ya kwanta. Bai kwanta ba.

Juma'a, 28 ga Maris, da la'asar

Na haɗa wa Minke jaka: rawayar riga, gajeren wando, tsohon takalmin roba na shiga ruwa, tawul. Na sayi furanni na ɓoye a bokiti. Na buɗe jakar na sake dubawa, na sake.

Griet ta samo dabararta yau ma.

Asabar, 29 ga Maris, da yamma

Sai na rubuta tun abin yana da ɗumi.

Na wuce ƙofar wurin iyon ban kalli gefen da Minke ta tsaya a Nuwamba ba. Aka miƙo shuɗiyar leda, na sa, kowa ya sa, nan take duniya ta zama mutum ɗaya. Ciki zafi, warin maganin ruwa, hayaniya kamar ana sara mini kai. Na riƙe hannun Auke gam.

Farkon da daɗi. Rawayar riga ta faɗa ruwa, ta nutse, ta ɓullo, na tafa har tafina ya yi zafi. Sai suka tuɓe aka kwashe jiƙaƙƙun kayan, daga nan na rasa ta. Auke yana raɗa mini, "Ga ta can, ta uku a layi," ina gyaɗa kai ina tafa wa kawuna.

Can aka sanar cewa mutum ɗaya daga kowane gida ya je ɗakin canza kaya ya ɗauko jiƙaƙƙun tufafin ɗansa, don a share wurin. Auke ya ce, "Yanzu zan dawo, akwai sauran zagaye guda." Babu sauran zagaye. Yana fita aka saki kiɗa, iyaye suka tashi suka yi bakin ruwa, suka tafi da ni. Na ga shuɗiyar rigar ruwa na cafke hannun, mutumin ya ce, "Lafiya, baiwar Allah?" Ba shi ba ne.

Yara suka fito. Suna ta wuce ni a guje, jiƙaƙƙu, masu santsi, duk fuska ɗaya. Na kalli ƙasa, abin da na saba, ba komai sai ƙananan ƙafafu. Na san tana wani wuri a tsaye tana jira in kira ta, kuma in na yi shiru za a kwashe yaran nan duka ta rage ita kaɗai, a ginin nan, karo na biyu.

Ban san lokacin da na hau kan benci ba, da furanni a hannu. Na buɗe baki irin na Harm. "Minke! Ga ni nan! Na zo! Ba na iya gane ki, ke ki zo ki same ni!"

Mutanen kusa suka yi tsit, wata mata ta ja ɗanta gefe. Na sake yi, ya fi na farko ƙarfi.

Na sauko ke nan wani abu mai sanyi ya dake ni a ciki ya zagaye ni da hannu. Ta hau kan ledar ƙafafuna da nata ƙafafun, yadda take yi tana ƙarama in muna rawa a kicin. Ta ce cikin rigata, "Mama, kin cika ihu."

Na durƙusa na ce mata ta yi haƙuri, akwai abin da ban gaya mata ba, tun da na faɗi idona ba ya...

Ta ce, "Na sani. Takalmina kike kallo kullum."

Sai na kalli ƙafafunta, yau ba komai a kansu. Dunduniya biyun duk sun saɓule, wani ya warke wani sabo, ƙananan yatsun sun yi ja sun kumbura. Na tambaye ta tun yaushe yake matse ta. Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Tun Kirsimeti. In na canza ai ba za ki gan ni ba."

Auke ya same mu a ƙasa, da ledar jiƙaƙƙun kaya tana ɗiga a hannunsa. Ni na ce a ƙyale ta sai bazara. Ni na faɗa, ina shafa man shanu.

A cikin safa ta dawo gida, babanta ya goyo ta har mota.

Litinin, 31 ga Maris, da la'asar

Mun je kanti. Mai kantin ta auna ta, ta ce lamba biyu ta tsallake. Minke ta miƙa hannu wajen wani ja, na ce a'a, wanda kike so. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗauko fari, irin na Sanne, irin na rabin ajinsu. Ta ce, "In kin rasa ni ki kira. Amma a hankali."

Talata, 1 ga Afrilu, da yamma

Da zagaye ya zo kaina na ce ja. Harm ya tafa, ya ce yau ne ya fara jin gaskiya a ɗakin nan, sannan ya yi kukansa da na ba su labari.

Muna tashi Griet ta riƙe ni. "Na samo dabara! Ki nuna mini hotonta." Ban ce mata an riga an yi ba. Na nuna mata sabon, Minke da takardarta da furanni, gashi a jiƙe. Ta kalli wayar, ta kalle ni, ta ce, "Kai, fuskarki ce sak."

Na ce da gaske? Ta ce da gaske. Na daɗe ina kallon hoton a motar dawowa gida. Ban gani ba, amma na yarda da Griet.